An ce mini fagen bincikena ya mutu: in ci gaba ko in karɓi aikin kamfani?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 31, ina da digiri na biyu a ilimin ƙwayoyin cuta, kuma shekara biyar ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata cibiyar bincike a kan yadda ƙwayar HIV ke wucewa daga uwa zuwa jariri. Aikina na yau da kullum shi ne gwada jinin jarirai, sannan a gefe guda ina da nawa ɗan binciken a kan ƙwayar cutar da ke cikin ruwan nono, wanda na shafe shekara biyu a kansa ba tare da samun sakamakon da zan iya nuna wa kowa ba. Yanzu an ba ni gurbin digiri na uku na shekara huɗu a kan yaɗuwar cutar lokacin shayarwa, a daidai lokacin da wani kamfani mai sayar da kayan gwaji ya yi mini tayin aiki da albashin da ya ninka nawa. Na nemi shawarar wani babban farfesa, sai ya ce mini wannan fage ya mutu, domin an riga an gano yadda ake kare jarirai, abin da ya rage kawai shi ne rabon magani, wanda ba aikin masana kimiyya ba ne. Ina da ɗa ɗan shekara biyu, mijina kuma ya ce zaɓi nawa ne. Ina son aikin nan, amma ina tsoron in ƙarar da ƙuruciyata a kan abin da an riga an gama. Me ya kamata in yi?

Wata mai bincike

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na lura cewa a cikin abubuwan da kika lissafa, albashin kamfanin da shekara biyun da kike ganin sun tafi a banza ba su ne suka hana ki barci ba. Maganar farfesan ce ta tsaya miki a rai, saboda haka daga kanta zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Dole in yi masa adalci, domin rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. A shekarar 1983 da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka ware ƙwayar cutar a Cibiyar Pasteur da ke Paris, babu abin da likita zai iya yi wa mace mai juna biyu da ke ɗauke da ita illa ya gaya mata halin da ake ciki. Idan ba a ɗauki wani mataki ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran irin waɗannan mata suna kamuwa, wasu tun suna ciki, da yawa a lokacin naƙuda da haihuwa, wasu kuma ta hanyar nono. A yau macen da ta fara shan magani da wuri, ta riƙe shi har aka daina ganin ƙwayar cutar a gwajin jininta, haɗarin da ke kan jaririnta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kyuba ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 cewa ta kawar da wannan hanyar yaɗuwa a matsayin matsalar lafiyar jama'a, Thailand ta biyo baya a 2016, sannan a 2021 Botswana ta zama ƙasa ta farko cikin masu fama da cutar sosai da aka tabbatar ta hau hanyar kawar da ita. Wanda ya shiga wannan fage a shekarun 1980 ya ga waɗannan alƙaluma, ba laifi ba ne idan ya ce an yi nasara.

Inda na rabu da shi shi ne kalmar nan "an gama", domin na daɗe a duniya har na ji an faɗe ta fiye da sau ɗaya. A 1994 gwajin da aka fi sani da lamba 076, wanda aka gudanar a Amurka da Faransa, ya nuna cewa maganin AZT ya rage kamuwar jarirai daga kashi 25.5 zuwa kashi 8.3 cikin 100, har aka tsayar da gwajin tun kafin lokacinsa domin a bai wa kowace mace maganin. Murna ta cika ko'ina. Sai dai tsarin yana buƙatar mace ta sha magani sau biyar a rana tsawon watanni, a ɗaura mata shi ta jijiya lokacin naƙuda, jariri kuma ya sha na ruwa mako shida, kuma ba a shayar da shi nono. Mafi yawan matan da ke buƙatar kariyar ba su da hanyar samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga nan aka shiga neman gajeriyar hanya, kuma neman ya zo da tasa rigimar, domin a 1997 an yi zazzafar muhawara a mujallun likitanci a kan ko ya halatta a bai wa wasu mata ƙwayar da ba magani a cikinta don kwatance, alhali an san akwai maganin da ke aiki.

A 1999 aka fitar da sakamakon binciken asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, wanda Philippa Musoke da Francis Mmiro da Laura Guay da abokan aikinsu suka yi: ƙwaya ɗaya ta maganin nevirapine ga uwa a farkon naƙuda, da ruwan maganin sau ɗaya ga jariri cikin kwana uku na haihuwa, sun rage kamuwa da kusan rabi. Aka sake cewa an gama, ga magani mai araha da ungozoma za ta iya bayarwa. Waɗanda suka gano cewa da sauran rina a kaba mutane ne irinki, masu zama gaban na'ura suna karanta tsarin halittar ƙwayar cutar. Sun ga cewa nevirapine yana daɗewa a jini yana raguwa a hankali, kuma a cikin waɗannan kwanaki da ƙarfinsa bai isa ya danne ƙwayar cutar ba, canji guda ɗaya tak a jikinta ya ishe ta bijire masa. Ma'ana an ceci jariri, amma an rage wa uwa damar amfana da wannan rukunin magani idan ta buƙace shi ba da jimawa ba. Babu mai rabon magani da zai iya gano wannan da ido.

Labarin nono ya fi kowanne kusa da aikinki. Binciken da Ruth Nduati ta jagoranta a Nairobi, wanda aka wallafa a 2000, ya tabbatar cewa shayarwa tana da kaso mai yawa a kamuwar jarirai, kuma a ganin mutane da yawa amsar a fili take, wato a koma madarar gwangwani. Sai ga shi a wuraren da ruwan sha ba shi da tsabta, yaran da aka kuɓutar daga HIV suna mutuwa da gudawa da ciwon haƙarƙari da tamowa, kamar yadda aka gani da ido a Botswana a 2006 lokacin ɓarkewar gudawa bayan ambaliya. A Durban kuwa Anna Coutsoudis ta riga ta lura tun 1999 cewa jaririn da ake ba nono zalla ya fi samun kariya a kan wanda ake haɗa masa nono da ruwa ko wani abinci. Ba a samu mafita ba sai da aka nuna cewa uwa za ta iya shayarwa tana kan magani, har Malawi ta yanke shawara a 2011 cewa duk mai juna biyu ko mai shayarwa da aka samu da cutar a ɗora ta kan magani har ƙarshen rayuwarta, ba tare da jiran gwajin ƙarfin garkuwar jiki ba, wanda a lokacin ba kowane asibiti ke iya yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu daga baya. Ki duba ki gani: sau uku ana rufe littafi, sau uku ana sake buɗe shi, kuma kowane karo bincike ne ya buɗe shi.

To yanzu me ya rage? A ƙiyasin UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da HIV, yara kimanin 120,000 ne suka kamu da HIV a 2023, kuma a wannan shekarar kashi 57 cikin 100 ne kawai na yaran da ke ɗauke da cutar suke kan magani, alhali a manya adadin ya kai kashi 77. Farfesanki zai ce ai wannan ita ce matsalar rabon da yake nufi, kuma a wani ɓangare yana da gaskiya, domin akwai matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, akwai kuma waɗanda suka fara magani suka bari bayan haihuwa. Amma akwai kashi na uku da ke ƙara muhimmanci, wato macen da aka gwada a farkon ciki ba ta da cutar, sai ta kamu daga baya ko tana tsakiyar shayarwa. A makonnin farko na kamuwa ƙwayar cutar tana cika jini fiye da kowane lokaci, jikin uwa bai riga ya haɗa garkuwar da zai miƙa wa jariri ba, ita kuma ba ta san tana ɗauke da komai ba. Yaushe ya kamata a sake gwada ta, da wane irin gwaji, kuma wace kariya ta dace da mai ciki ko mai goyo? Allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda ya nuna ƙarfinta wajen kare mata, ta buɗe sabuwar ƙofa a nan, kuma sai an bi diddigin iyaye da jariransu shekaru kafin a san iyakar abin da za ta iya.

Akwai kuma tambayoyin da tun farko ba a amsa su ba, magani ne kawai ya zo ya rufe su. Jariri yana zaune wata tara a jikin uwa mai ɗauke da cutar, ya ratsa jini da ruwan haihuwa, ya sha nono watanni, amma ko babu magani mafi yawansu ba sa kamuwa. Me ke tsare su? Mabiyiya tana da nata aikin, sinadaran garkuwar da uwa ke miƙawa suna da nasu, amma har yau babu wanda ya ba da cikakken bayani. Idan kuma jariri ya kamu, sau da yawa nau'i ɗaya ne tak daga cikin dubban nau'o'in da ke yawo a jinin uwa yake tsallakawa ya kafa cutar, kuma ba a gama sanin abin da ya bambanta shi da sauran ba. Nau'in HIV-2, wanda aka fara gano alamarsa a Senegal a tsakiyar shekarun 1980 ta aikin Souleymane Mboup da abokan aikinsa, da wuya yake wucewa zuwa jariri idan aka kwatanta da HIV-1, nau'in da ya fi yaɗuwa a duniya, sannan nevirapine ba ya yi masa komai. Wannan bambanci kaɗai darasi ne da ba a gama karantawa ba.

Ga wadda ta fi shafar digirin da aka yi miki tayi. An tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayar cutar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ita ta hanyar saduwa, kuma a kan wannan babu sauran gardama. Game da nono kuwa, babu masanin da zai iya faɗin haka kai tsaye. Haɗarin ya ragu ƙwarai, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ba a iya cewa babu shi ba, domin ƙwayar cutar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar da ke cikin nono inda magani ba ya kawar da ita, kuma kumburin mama yana iya ƙara yawanta ko da gwajin jini bai nuna komai ba. Ko a Amurka, inda aka daɗe ana hana masu cutar shayarwa, sai a 2023 aka sassauta ƙa'idar aka ce a zauna da uwa a yanke shawara tare. Uwar da ta tambayi likita ko za ta iya shayar da ɗanta hankali kwance tana jiran amsa ne daga ɗakin gwaji irin naki.

Zan ƙara misali biyu a taƙaice. A 2013 Deborah Persaud da abokan aikinta suka ba da labarin wata jaririya a jihar Mississippi da aka fara ba magani tana da kimanin awa 30 a duniya, aka daina ba ta wajen wata 18, ta yi wata 27 ba a ga ƙwayar cutar a jininta ba, sai a 2014 ta dawo. An ji takaici, amma daga nan aka samu sabon reshen bincike a kan maɓuyar ƙwayar cutar a jikin jarirai da amfanin fara magani da wuri. A 2018 kuma binciken Tsepamo na Botswana ya hango alamar cewa maganin dolutegravir zai iya jawo nakasar laka da ƙwaƙwalwa ga ɗan tayi, ƙasashe suka ja baya da bai wa mata shi, sai da aka ci gaba da ƙirga haihuwa dubbai kafin a ga cewa haɗarin bai kai yadda aka ji tsoro ba. Duk sabon maganin da zai fito, sai wani ya yi wa masu juna biyu irin wannan aikin. Wannan kuwa ba ranar ƙarewarsa.

Na daɗe a kan wannan ne don ki cire maganar farfesan daga cikin lissafinki. Ina zaton shi kansa abin da yake nufi shi ne zamanin manyan nasarori masu sa a san sunan mutum cikin dare ɗaya ya wuce, kuma wataƙila haka ne. Idan suna kike nema, to ki saurare shi.

Yanzu shekara biyun da kike kira asara. Duk wanda ya taɓa aiki da ruwan nono ya san wahalarsa: kitse yana taruwa a sama idan an juya shi a na'ura, akwai sinadaran da ke hana gwajin PCR, wato gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta a cikin samfuri, tafiya yadda ya kamata, ƙwayar cutar kuma ba ta da yawa, ballantana a jikin matar da ke shan magani. Kafin ki yanke wa kanki hukunci, ki zauna da littafin aikinki ki raba abu biyu. Shin hanyar gwajin ce ba ta aiki, wato ko kin zuba ƙwayar cutar da kika san adadinta a cikin nono ba kya iya dawo da ita, ko kuwa hanyar tana aiki amma abin da kike nema ne babu shi a samfuran? Idan na farko ne, matsalar fasaha ce da wanda ya ƙware zai iya warware miki cikin makonni, kuma kuskurenki ɗaya shi ne kin yi shiru kina fama ke kaɗai. Idan na biyu ne, to kina da sakamako a hannu ba ki sani ba, domin rashin samun ƙwayar cuta a nonon matan da ke kan magani, idan an yi gwajin da kyau kuma an san iyakar abin da yake iya ganowa, abu ne da ake rubutawa a wallafa.

Ni ma na taɓa tsayawa inda kike tsaye. A wata cibiya da na yi aiki ina ƙaramar ma'aikaciya, injin daskarewar da muke ajiye samfura ya mutu a ƙarshen mako, ƙararrawar gargaɗinsa kuma an daɗe da cire ta saboda tana damun mutane. Ranar Litinin na buɗe ƙofa na tarar da ruwa kwance a ƙasan akwatunan, takardun da muka manna wa kwalabe sun jiƙe suna saɓulewa, jinin da mata suka yarda aka ɗiba musu wata da watanni ya tashi daga aiki. Na yi kuka a bayan ƙofar ɗakin, na kuma rubuta takardar barin aiki a daren. Abin da ya hana ni miƙa ta ba wani ƙarfin hali ba ne. Na tsaya ne in tambayi kaina ko tambayar da nake bi ta daina damuna, sai na ga tana nan daram, injin ne kawai ya mutu. Tun daga ranar nake raba kowane samfuri gida biyu in ajiye a injuna daban-daban, kuma ina ba ki shawara ki fara yin haka tun gobe, ko da wane zaɓi kika yi.

Irin wannan tambayar nake so ki yi wa kanki. Kin san katin nan mai da'ira biyar da ake ɗiga jinin diddigen jariri a kai a bar shi ya bushe, wanda yake zuwa teburinki da lamba a maimakon suna. Kin san dalilin da ya sa ba a yi wa jaririn gwajin manya, wanda sinadaran garkuwa yake nema, tun da sinadaran garkuwar uwarsa suna iya zama a jininsa har wata 18. Kin kuma san yadda zuciya take yi idan layin nan ya fara ɗagawa a allon kwamfuta, alamar jaririn ya kamu, domin kin san cewa idan ba a fara ba shi magani ba, kusan rabin irin waɗannan yara ba sa kai shekara biyu. A irin wannan lokaci, bayan tausayi ya lafa, me ke zuwa miki a rai? Idan abin da ke zuwa shi ne son sanin yadda aka yi ƙwayar ta wuce alhali uwar tana kan magani, har ki ji kina son a nemo miki jininta da nononta ki duba, to ke mai bincike ce, kuma albashi ba zai kashe wannan ƙaiƙayin ba. Idan kuwa abin da ke zuwa shi ne fatan a ce na'urar ta fi haka sauri, sakamakon ya isa ga uwar a ranar maimakon bayan makonni, to wataƙila kamfanin ne wurinki, kuma babu abin kunya a ciki. Na'urorin da ke ba da sakamakon jariri a rana ɗaya sun ceci rayuka, kuma masu kai su asibitoci su koya wa ma'aikata amfani da su suna cikin wannan yaƙin kamar kowa.

Maganar kuɗi ba zan yi miki rufa-rufa ba. Aikin bincike yana tafiya ne da tallafi mai wa'adi, kuma kin ga abin da ya faru a farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirinta na yaƙi da HIV, PEPFAR, da aka kafa tun 2003, ya tsayar da ayyuka da dama a tsakiyar tafiya. Mai shiga wannan fage yanzu ya shiga da idonsa a buɗe. Kariyarki ita ce ƙwarewar da za ta bi ki duk inda kika je: karanta tsarin halittar ƙwayoyin cuta, sarrafa bayanai da kwamfuta, lissafin ƙididdiga, da iya rubuta maƙala da takardar neman tallafi. A Nuwamba 2021, ɗakin gwajin da Sikhulile Moyo ke jagoranta a Botswana, wanda aka gina don binciken HIV, yana cikin na farko da suka gano nau'in korona da aka sa wa suna Omicron. Hannun da ya saba da HIV ne ya yi wannan aikin. Ciwon hanta nau'in B ma yana wucewa daga uwa zuwa jariri, kuma yanzu ana haɗa shi da HIV da tunjere a shiri ɗaya na kare jarirai, saboda haka wadda ta ƙware a wannan hanyar yaɗuwa tana da ƙofa fiye da ɗaya.

Shawarata ita ce ki karɓi gurbin digirin, amma da sharuɗɗa, kuma ki binciki sharuɗɗan kafin ki sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tambayi malamin da zai duba aikinki ko kuɗin shekara huɗun suna hannu ne ko kuwa na shekara ɗaya ne ake fatan sabuntawa, kuma ki nemi amsar a rubuce. Ki tambaya ko samfuran da za ki yi aiki da su an riga an tara su da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ko kuwa ke ce za ki fara neman izini da tara mata masu shayarwa, domin wannan kaɗai yana iya cinye shekara biyu, musamman yanzu da jariran da ke kamuwa ta nono suka yi ƙaranci har samun adadin da zai isa lissafi ya zama aiki. Ki nemi sanin abin da za a koma kai idan babbar tambayar ta ƙi ba da amsa, da kuma sunan wa zai zo farko a maƙalar da za ta fito daga aikinki. Sannan ki nemo ɗalibai biyu ko uku da suka gama a hannunsa, ki yi magana da su ba a gabansa ba, ki ji shekara nawa suka ɗauka, da yadda ya yi da su lokacin da gwaji ya ƙi, da kuma yadda ya yi da wadda ta haihu ko ɗanta ya kwanta rashin lafiya. A digiri na uku halin malami ya fi sunan jami'a tasiri a rayuwar ɗalibi.

Game da mijinki, "zaɓi naki ne" magana ce mai daɗi, amma ba ta isa a gina shekara huɗu a kanta ba. Ku zauna ku yi lissafin abin da zai shigo gida da abin da zai ragu idan kika bar albashin kamfanin, ku kuma faɗi a fili wanda zai kula da yaron a ranakun da gwaji zai riƙe ki har dare, domin ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin gwaji ba su san ranar hutu ba. Idan lissafin ya nuna gidan ba zai ɗauka ba, ba ki ci amanar kimiyya ba don kin zaɓi abin da zai riƙe iyalinki. Mutane da yawa sun yi shekaru a kamfani suka dawo karatu da ƙwarewar da ta fi ta waɗanda ba su taɓa fita ba, sai dai in gaya miki gaskiya, dawowar tana ƙara wuya duk shekarar da aka saba da albashi mai kauri.

Kafin ki ba kowa amsa, ki roƙi kamfanin ya ba ki mako uku, wanda ba abin mamaki ba ne a wurinsu. A cikin makon farko ki rubuta tambayar bincikenki a shafi ɗaya, da kalmomin da mace mai goyo za ta fahimta idan aka karanta mata, ki ga ko har yanzu tana motsa ki. A na biyu ki kai wa malamin tambayoyin da na lissafa, ki kuma gana da tsofaffin ɗalibansa. A na uku ki ɗauki littafin aikin nonon nan ki kai wa wanda ya fi ki sanin gwajin PCR, ku bi shi shafi-shafi tun daga ranar farko. Idan kin gama, ki sake rubuto mini abin da kika samu, musamman amsar da aka ba ki a kan kuɗin shekara huɗun.